Kanwa, Gishiri da Maganin Feshi: Yadda Ake Gwada Illarsu ga Shuka a Kwarurukan Gure

Gundumar Gure ta Nijar, wadda babban garinta yake kan hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Diffa, kimanin kilomita 160 gabas da birnin Damagaram ɗin, wato Zinder, ƙasa ce ta jigawa da tudun rairayi, inda ruwan sama na shekara yakan tsaya kusa da milimita 300, alhali zafin rana da busasshiyar iska suna iya ƙafar da abin da ya haura milimita 2000 a cikin wannan lokaci. Abin da ke riƙe da noman rani a irin wannan ƙasa shi ne kwaruruka, wato wuraren da ƙasa ta lotsa a tsakanin tuddan rairayi har ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso kusa da sama, kuma a cikinsu ne mutanen Gidigir da Bune da ƙauyukan da ke kewaye suke noman rogo da rake da masara da dankali da albasa da kabeji da tumatir a ƙarƙashin inuwar dabino. Tsarin kwari kusan iri ɗaya ne ko'ina a yankin: goriba ce ke kewaye da bakinsa, dabino ya biyo baya, sai filin shuka, sannan tsakiya, inda sau da yawa babu abin da ke fitowa sai farin ɓawon kanwa ko tafkin da ruwansa ba ya shayuwa.

Wannan kanwa tsohuwar dukiya ce ta ƙasar Muniyo, inda Gure take. Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Gure a watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Zinder, ya kuma ambaci tafkunan kanwar da ya gani, sannan masanin tarihi Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1986 yadda kanwa da mangul na Muniyo da Mangari suka ciyar da fatauci har zuwa Kano da kudu da ita. Sai dai sinadarin da fatake suke saye, matan gida suke sa wa miya da kunu, makiyaya suke ba dabbobinsu, shi ne kuma yake kashe tsiro idan ya taru a inda saiwa take, kuma a yau ya samu abokan tarayya da ba a san su ba a zamanin Barth, wato takin zamani da maganin ciyawa da maganin ƙwari. Saboda haka tambayar da ta shafi mai lambu a Gure ita ce yadda za a gane, da hujja, wane abu ne yake cutar da shukarsa, da kuma yawan da yake fara yin illa.

Ilimin gwada illar sinadarai ga tsirrai ya ginu ne a kan wata ƙa'ida da likitan ƙasar Suwizalan, Paracelsus, ya bayyana tun a ƙarni na 16, cewa yawan abu ne ke mayar da shi guba, domin babu sinadarin da ba ya cutarwa idan ya wuce kima. Don haka mai gwaji ba ya tsayawa a kan ko kanwa tana da illa ko ba ta da ita. Yakan jera tukwane da ƙasa iri ɗaya da iri ɗaya, ya sa wa rukunin farko ɗan kaɗan na abin da ake tuhuma, ya ninka wa na biyu, ya sake ninka wa na uku, ya bar wani rukuni bai sa masa kome ba. Wannan rukuni na ƙarshe, wanda za a iya kira tukwanen shaida, shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, domin da shi ake auna sauran, kuma idan babu shi ba a iya raba illar sinadari da illar mummunan iri ko zafi ko ƙarancin ban ruwa. Daga jerin sakamakon ne ake fitar da adadin rabin illa, wato yawan sinadarin da ke rage tsiro ko girma da kashi 50 cikin 100 idan an kwatanta da shaida, kuma da wannan adadi ake gwama wani sinadari da wani, ko wata shuka da wata.

Akwai sharuɗɗa biyu da Ronald Fisher ya kafa a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya fara aiki a 1919, waɗanda har yau ba a karɓar gwajin da ya rasa su. Na farko shi ne maimaici, wato kada a dogara da tukunya ɗaya a kowane mataki, domin tukunya ɗaya tana iya lalacewa saboda tsutsa ko tsagewa ko wani dalili da bai shafi sinadarin ba. Na biyu shi ne a raba wa tukwane wurin zama ta hanyar ƙuri'a, don kada duk masu maganin su taru a rana, na shaida kuma su taru a inuwa. Waɗannan sharuɗɗa ba sa cin ko sisi, amma su ne aka fi tsallakewa, kuma yawancin hukuncin da ake yankewa a bakin rijiya, cewa wani taki ya ƙone shuka ko wani magani ba shi da lahani, ya dogara ne a kan fili ɗaya a shekara ɗaya ba tare da abin kwatantawa ba.

Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta tsara wannan gwaji a ƙa'idarta mai lamba 208, wadda aka sabunta a 2006, kuma ita ce kamfanoni suke bi kafin a ba sinadarinsu lasisi a ƙasashe da dama. Ana shuka iri a ƙasar da aka gauraya da sinadarin ko aka fesa mata shi, a jira har rabin irin da ke tukwanen shaida ya fito, sannan a ci gaba da lura na kwana 14 zuwa 21, a ƙirga abin da ya tsiro, a auna tsawo da nauyi, a rubuta alamun da ido ke gani kamar rawayar ganye da ƙonewar baki da tsumburewa. Idan abin da ya tsiro a tukwanen shaida bai kai kashi 70 cikin 100 ba, gwajin ya rushe, sai a sake. Wani abin lura ga mutumin Gure shi ne zafin da ƙa'idar ta tanada, wato digiri 22 da rangwamen digiri 10 sama ko ƙasa, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin rana a wannan yanki yana wuce digiri 40, kuma shukar da zafi ya riga ya galabaitar ba ta jure abin da takwararta ta ɗakin gwaji take jurewa.

Akwai gwaje-gwaje masu arha da suka fi wannan sauri, kuma biyu daga cikinsu da kayan lambun Hausa ake yin su. Na farko shi ne gwajin albasa, wanda Albert Levan na ƙasar Suwidin ya fara amfani da shi a 1938, Geirid Fiskesjö kuma ta daidaita shi a 1985 don auna gurɓacewar ruwa. Ana ɓare busasshen ɓawon ƙananan albasa masu girma ɗaya, a ɗora kowace a bakin kwalba yadda gindinta kawai zai taɓa ruwa, wasu a ruwan da ake tuhuma, wasu a ruwa mai kyau, bayan kwana uku ko huɗu a auna tsawon saiwoyin da suka fito. Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, amma a nan saiwarta ce take tona halin ruwan, domin takan gajarce ko ta lanƙwashe ko ta yi duhu tun kafin ganye ya nuna wata alama, kuma inda akwai madubin ƙara girma ana iya ganin yadda rabuwar ƙwayoyin halitta ta rikice a kan saiwar. Na biyu shi ne gwajin lansir, wanda Franco Zucconi da abokan aikinsa suka yaɗa a 1981 don gane ko takin gargajiya ya nuna: ana jiƙa takarda da ruwan da aka tace daga takin, a zuba ƙwayoyin lansir a kai, a kwatanta yawan tsiro da tsawon saiwa da na takardar da aka jiƙa da ruwa zalla. Ɗanyen taki yana fitar da amoniya da wasu sinadarai masu tsami da ke hana tsiro, kuma lansir yana nuna haka cikin kwana biyu zuwa uku.

A kwarurukan Gure dai gishiri da kanwa ne kan gaba, kuma hanyar taruwarsu sananna ce. Masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da takwarorinsu na jami'o'in Beljiyam, waɗanda suka yi aiki a yankin tun farkon shekarun 2000, sun kasa kwaruruka gida uku bisa zurfin ruwa: waɗanda ruwansu bai kai zurfin mita ɗaya da rabi ba, da waɗanda yake tsakanin nan da mita 4, da waɗanda ya wuce mita 4. Inda ruwa yake kusa, yakan hau ta ƙananan kafofin ƙasa zuwa sama, rana ta ƙafar da shi, abin da ke narke a cikinsa kuma ya zauna, shekara bayan shekara, tun da kwari ba shi da mafitar da ruwa zai bi ya kwashe shi. Ban ruwa ma yana ƙara nasa. Ana auna gishirin ruwa da na ƙasa ta hanyar duba yadda suke bari lantarki ya ratsa su, da wata ƴar na'ura da ake riƙewa a hannu, kuma ma'aunin shi ne desisimens a kowace mita, wanda za a kira maki a nan don sauƙi. Maki ɗaya yana daidai da kimanin miligiram 640 na gishiri a lita, don haka mai lambun da ya zuba ruwa mai maki ɗaya har zurfin milimita 600 a kan hekta guda a kakar rani ya zuba mata gishiri kusan tan 4 ba tare da ya gani ba. Jagorar hukumar abinci ta duniya, FAO, ta 1985 ta ɗauki ruwan da bai kai maki 0.7 ba a matsayin marar matsala, wanda ya haura maki 3 kuma a matsayin mai tsananin haɗari.

Illar gishiri ta farko ita ce hana saiwa shan ruwa, domin ruwa yana tafiya ne daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa, shi ya sa ake ganin shuka ta yi yaushi a ƙasar da take jiƙe sharkaf, mai ita kuma ya ƙara mata ruwan da ya jawo matsalar. Illa ta biyu tana zuwa daga baya, lokacin da sodiyam da kulorin suka taru a tsofaffin ganyaye suka ƙone bakinsu. Ɗakin binciken gishiri na Amurka da ke Riverside a jihar Kalifoniya ya sa iyaka a 1954 cewa ƙasar da ta haura maki 4 ta zama mai gishiri, sannan a 1977 Eugene Maas da Glenn Hoffman suka tattara gwaje-gwaje masu yawa suka ba kowace shuka lamba biyu, wato makin da amfaninta yake fara raguwa, da kason da take asara a kan kowane ƙarin maki. Albasa tana fara raguwa daga maki 1.2, tana kuma asarar kashi 16 cikin 100 a kan kowane maki. Masara da rake suna farawa daga 1.7, kabeji daga 1.8, tumatir daga 2.5, alkama daga 6, dabino kuma daga 4, da asarar kashi 3.6 kacal. Lissafin yana nuna cewa a ƙasa mai maki 4, wadda da ƙyar ta shiga sahun masu gishiri, mai albasa ya riga ya rasa kusan kashi 45 na amfaninsa alhali dabinon da ke kansa bai ji kome ba, kuma a wajen maki 7 da rabi albasa ta ƙare gaba ɗaya, dabino kuwa bai rasa fiye da kashi 13 ba. Wannan ya isa ya bayyana dalilin da ya sa kwari yakan ci gaba da zama kore daga nesa bayan lambunan cikinsa sun fara mutuwa.

Amma waɗannan lambobi suna da iyakar da ya kamata a sani kafin a ɗora su a kan ƙasar Muniyo. Yawancin gwaje-gwajen da aka samo su daga ciki an yi su ne da gishirin kulorin, dangin gishirin miya, wanda ba ya sauya ma'aunin pH, wato ma'aunin da ke nuna tsamin abu ko kaifinsa irin na toka, daga 0 zuwa 14, inda 7 take tsakiya. Kanwa kuwa haɗin kabonet ne da baikabonet na sodiyam, kuma tana ɗaga pH ya wuce 8.5, wani lokaci har 10. A wannan mataki sinadaran ƙarfe da zinki da fosforas suna nan a cikin ƙasa amma saiwa ba ta iya ɗaukarsu, sai sababbin ganyaye su yi rawaya jijiyoyinsu na kore, mai lambu ya ɗauka yunwar taki ce, ya sayi takin da ba zai yi magani ba. Sodiyam kuma yana warwatsa ƙwayoyin laka har su toshe kafofin ƙasa, ruwa ya kwanta a sama, iska ta kasa shiga, ƙasar ta daskare idan ta bushe, wani lokaci ma ruɓaɓɓen ganyen da kanwa ta narkar ya bar baƙin tabo a samanta. Na'urar lantarki ba ta ganin wannan ɓangare na illar, domin ƙasa tana iya nuna maki 3, wanda teburin Maas da Hoffman ya ce tumatir zai jure da ƴar asara, alhali kaifin kanwarta ya isa ya hana shi yin kome. Saboda haka teburin Kalifoniya jagora ne na farko kawai, kuma hukuncin ƙarshe yana wurin tukwanen da aka cika da ƙasar kwarin kanta, aka shayar da ruwan rijiyarsa, aka shuka irin da mutanen wurin suke shukawa. Bambancin yana da tasiri a kan magani ma, domin ƙasa mai gishiri zalla ana wanke ta da ruwa mai kyau idan akwai inda zai tsiyaye, mai kanwa kuwa sai an fara sa mata jifsam, dutsen da ke ɗauke da kalsiyam wanda ake haƙowa a jahar Tawa don masana'antar siminti ta Malbaza, ya kori sodiyam daga jikin laka, kafin wanki ya yi amfani.

Hankalin hukuma da na masu ba da tallafi ya fi karkata ga rairayin da ke binne kwaruruka, kamar yadda shirin PLECO na yaƙi da kwararar rairayi a Gure da Maine-Soroa, wanda aka fara a 2010, ya nuna, kuma ba laifi, domin tudun da ke tafiya kowa yana ganinsa. Gishiri da kanwa daga ƙasa suke tasowa a hankali, ba sa fitowa a hoto sai sun gama ɓarna.

Batun magungunan feshi ya fi wannan sarƙaƙiya ta fuskar doka. Nijar tana cikin ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel, wadda aka kafa a 1973, kuma kwamitinta na magungunan feshi, wanda ke zama a Bamako tun 1994, shi ne ke duba takardun kowane magani, har da sakamakon gwajin illarsa ga shukar da aka yi shi dominta, kafin a halatta shi. Kwamitin ya haramta endosulfan a 2007, da farakwat a 2011, da atarazin a 2015. Najeriya ba ta cikin wannan tsari, kuma kasuwannin jahar Damagaram suna cike da kayan da suka tsallako iyaka, waɗanda cibiyar majalisun manoma ta RECA ta sha nunawa a rahotanninta cewa da yawansu ba su da amincewar kwamitin. Kowane maganin ciyawa yana da irin tabonsa: farakwat yana ƙone duk koren da ya taɓa cikin kwana ɗaya ko biyu, gilifoset yana bin jikin shuka har saiwa ya kashe ta a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu, 2,4-D kuma yana murɗe ganye da reshen shuka mai faɗin ganye, kuma tumatir yana jin sa ko da ɗan abin da iska ta kwaso ne daga gonar maƙwabci, ko ragowar da ta maƙale a famfon feshin da ba a wanke da kyau ba. A kwari, inda kadadar wannan take manne da ta wancan kuma kowa da abin da ya shuka, irin wannan ɓarna tana da saurin faruwa, tana da wuyar tabbatarwa.

A nan ne matsalolin biyu, na kanwa da na maganin feshi, suke haɗuwa, domin atarazin yana daɗewa bai ruɓe ba a ƙasa mai kaifin kanwa fiye da yadda yake yi a ƙasa mai tsami, don haka lokacin jira da aka rubuta a jikin kwalba, wanda aka auna a wata ƙasa dabam, yana iya gazawa a Gure, ragowar maganin da aka fesa wa masara ta kama albasa ko tumatir da suka biyo baya. Gwajin da ake yi wa wannan ba shi da wuya: a ɗebo ƙasa daga wurare da dama a filin da aka fesa, a ɗebo irinta daga gefen da feshi bai taɓa ba, a shuka wake ko kokwamba a tukwane huɗu ko biyar na kowane ɓangare, a jira mako uku, domin atarazin ba ya hana tsiro, sai ganye ya buɗe ya fara aiki da hasken rana sannan rawaya da ƙuna su bayyana daga bakinsa. Takin zamani ma yana da nasa haɗarin idan ya taɓa iri kai tsaye, musamman yuriya, wadda ke sakin amoniya, kuma sakin yana ƙaruwa a ƙasa mai kanwa.

Gwajin tukunya yana tabbatar da cewa akwai illa da kuma girmanta, amma ba ya faɗin sunan abin da ya jawo ta, sai an kai samfur ɗakin bincike irin na cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, kuma babban ɗakin gwajin ƙasarta yana Yamai, sama da kilomita 1000 daga Gure. Wannan nisa ne ya sa ya fi dacewa a tace samfurori a gida da albasa da lansir da na'urar hannu, a aika waɗanda suka nuna matsala kawai. Lokacin ɗiban samfurin da zurfinsa suna iya juya sakamakon gaba ɗaya, domin ƙasar da aka ɗiba a watan Satumba, bayan damina ta tura gishiri ƙasa, takan nuna maki kaɗan, wadda aka ɗiba a wuri ɗaya a watan Mayu kuma ta nuna ninkinsa, haka nan ɓawon sama yakan fi abin da ke ƙarƙashinsa gishiri nesa ba kusa ba. Don haka ake ɗiban saman dabam, a ɗebi zurfin da saiwar shukar take kaiwa dabam, wato kimanin santimita 30 ga albasa da fiye da haka ga rake da rogo, a rubuta kwanan wata da sunan kwari da nisan wurin daga tsakiyarsa a jikin kowace jaka.